Kekuna Ashirin da Uku

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya ɗalibanki? 'Yan biyu suna gaishe ki. Inna ma tana gaisuwa, ko da yake ba ta san ina rubuto miki ba.

Na zaɓi takarda ne don kin san bangon gidan nan: in na yi tari a ɗakina, Inna daga nata take ce mini sannu. Direban da ke bi ta wajenku zai miƙa miki.

Yaya, ƙanenki ba shi da lafiya, kuma ban san sunan ciwon ba. Wata biyar ke nan bai buɗe shago ba. Babu zazzaɓi, babu ciwon kai. Da safe zai yi wanka, ya sa kaya, ya ɗauki makulli, sai ya zauna a bakin gado yana kallon takalminsa har in dawo daga makaranta. Wata rana in tarar ya kwanta da kayan a jikinsa, fuska ga bango. Abinci sai na tsaya a kansa kamar yaran ajina. In na ce me ke damunka, sai ya ce ba komai. Da gaske yake faɗa, shi ya fi ba ni tsoro.

Kekunan ɗinkin mutane ashirin da uku ne a shagon suna jiran gyara, ni na ƙirga da kaina. Teloli sai sintiri suke yi a ƙofar gida. Jiya wani ya ce mini, "Malama, mijin nan naki gyara yake yi ko kiwo? Kekena ya kusa haihuwa a wurinsa." Na yi dariya don kada in yi ɗayan. Dogo, telan da shagonsa ke jikin nasa, shi ke ba su haƙuri.

Inna da safe ta ce lalaci ne, da yamma ta ce baki ne ya kama shi. Ta ce marigayi Baba da zazzaɓi a jikinsa yake kwance keke ya ɗaura, a gidan nan aiki ne magani. Kullum sai ta tambaye ni me na yi masa. Ni ma na tambayi kaina har na gaji.

Ke kika yi karatun irin wannan abin, har kina koya wa wasu. Ki faɗa mini abin da zan yi. In da hali ki zo.

Ki huta lafiya.

Taki,
Maman 'yan biyu

*

Amaryarmu,

Wa alaikumus salam. Shekara tara da aure amma ban fasa kiranki amarya ba, tunda har yau ke kaɗai ce a dangin nan kike yin tambaya kafin ki yanke hukunci. Ki shafa mini kan 'yan biyu. Ki gaishe da Inna, ki ce mata waya na yi.

Ciwon yana da suna. Ciwon damuwa ne, kuma ba sai an yi wa mutum wani abu yake kama shi ba, saboda haka ki sauke wa kanki wannan kayan. Inna ba za ta yarda ba. A wurinta duk ciwon da ba ya sa jiki zafi to rashin tarbiyya ne. Baban da take ba ki labari kuwa, ni na san shi kafin ya zama labari. Shi ma yakan yi wata guda bai yi wa kowa magana ba, mu kuma muna kiran abin kwarjini.

Na sa miki takardun wayar da kai guda shida a cikin ambulan ɗin nan. Ofishinmu ne ya buga su, masu launi, da hoton wata mata tana riƙe da kanta. Mun biya ta ta riƙe kan. Ki karanta ta uku da ta biyar. A taƙaice: kada ki yi masa faɗa, kada ki ce ya daure, ki lallaɓa shi ya ga likita. Ki kuma nemo masa ƙaramin abu ya yi kowace rana. Keke ɗaya, ko ma sauya allura ɗaya. Mijin naki, Auta, mutum ne mai son ganin ya gama abu. Tun yana yaro ba ya tashi daga kan faranti sai ya suɗe shi.

Zuwa kam ba yanzu ba. Muna shirin babban taron bita kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kwana uku a otal, ni ce mai gabatarwa. Za mu tara mutum tamanin a ɗaki mai sanyi mu koya musu yadda ake sauraron wanda ke cikin damuwa, su kuma suna duba wayoyinsu suna jiran lokacin shayi. Da an gama zan duba.

Ki riƙa rubuto mini. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya ƙara miki haƙuri da mu.

Yayarku

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da shiruna na mako shida, babu abin faɗa ne. Maganar likita na yi masa sau uku, ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Takardunki na karanta biyun da kika ce, sauran 'yan biyu sun yi zane a bayansu, Inna kuma tana fifita da ɗaya.

Amma yau albishir nake tafe da shi. Ƙanenki ya tashi.

Ranar Litinin ta makon jiya ya je aski, ya dawo ya karya da kansa, ya buɗe shago. Da na dawo daga makaranta na ji ƙarar keke, sai da na tsaya a bakin titi na saurara. Yaya, cikin kwana tara ya gama kekunan nan ashirin da uku. Kowanne ya goge shi, ya sa masa mai, ya gwada ɗinki a ƙyalle, ya rubuta sunan mai shi a takarda ya ɗaura da zare. Bai jira sun zo ba, shi ya riƙa ɗauka yana kai wa kowa har shagonsa, yana neman gafarar jinkiri. Mai maganar kiwon nan har kunya ta kama shi. Sabon aiki ne dai bai karɓa ba tukuna, ya ce sai ya huta, ni ma na ga dacewar haka.

Yana ci, yana barci. Shekaranjiya ya goya 'yan biyu duka a lokaci ɗaya har Inna tana cewa zai karya bayansa. Ya gyara ƙofar banɗakin da na yi shekara biyu ina mita a kanta. Ya nuna mini yadda ake sauya tukunyar gas, wai kada in riƙa jiransa. Ya tattara takardun haihuwar yara da na makaranta a jaka ɗaya ya ba ni. Har akwatin kayan aikin Baba ya ɗauka ya ba Dogo kyauta, ya ce ladan haƙurin da ya riƙa ba mutane ne. Dogo ya ce shi tela ne, me zai yi da sukudireba talatin, amma ya karɓa.

Inna ta ce ai ta faɗa, aiki ne magani. Ni na ce shawararki ce ta keke ɗaya a rana. Kowa ya riƙe tasa, ni dai na samu mijina.

Na gode, Yaya. Allah Ya saka.

Taki,
Maman 'yan biyu

*

Amarya,

Salamu alaikum. Wasiƙarki ta same ni a ranar farko ta taronmu, na karanta a tsaye, tsakanin jawabin shugaba da shayi. Alhamdu lillahi. Ki bar wa Inna nasarar, ta fi ni buƙatarta. Ni na riga na ci tawa: da rana na ba mahalarta labarin wani mai sana'a, ban faɗi suna ba, wanda iyalinsa suka bi matakai ya warke. Sun tafa. Wata har ta nemi in maimaita don ta rubuta.

Ki ce wa Auta in ya huta akwai keken maƙwabciyata da ke tsinka zare.

A gaishe da kowa.

Yayarku

*

Maman 'yan biyu,

Sallama a gurguje. Wasiƙar jiya ki yaga ta. Wataƙila ma tare direba zai kawo miki su.

Na kira ki sau huɗu. A na farko na faɗi abin da zan faɗa, kika ce a'uzu billahi kika kashe, sauran ba ki ɗauka ba. Na kira Auta, ya ɗauka da fara'a, ya tambayi lafiyata, ya ce in yafe masa duk abin da ya taɓa yi mini. To ki zauna ki karanta wannan har ƙarshe, sannan ki zage ni.

Yau da safe ina tsaye gaban majigi ina karanta wa mutum tamanin alamomin da ake lura da su. Na karanta su ya fi sau ɗari, har ina iya yi ina tunanin abin da zan dafa. Samun sauƙi farat ɗaya bayan doguwar damuwa. Kammala al'amura. Neman gafara. Rabar da abin da mutum yake ji da shi. A nan na tsaya, har wani ya miƙo mini ruwa.

Akwatin nan ba ki san shi ba yadda na san shi. Ranar da Baba ya rasu, Auta bai yi kuka ba sai da wani kawunmu ya ɗaga akwatin zai matsar. Na taɓa ɗaukar sukudireba ɗaya a ciki na buɗe gwangwani, ya yi wata biyu ba ya gaishe ni, lokacin yana da shekara ashirin da shida. Mutumin da zai koma aiki bayan ya huta ba ya kyautar da kayan aikinsa. Bai karɓi sabon keke ba don ba ya son ya bar na kowa a hannunsa. Ina tsoron ba warkewa ya yi ba, shawara ya yanke, kuma sauƙin da kike gani na wanda ya sauke kaya ne.

Allah Ya sa na yi kuskure. In na yi, ki yi ta yi mini gori har tsufa, zan ɗauka.

Ga abin da za ki yi. Ki same shi ku biyu, ki tambaye shi kai tsaye, da kalmar, ba da zagaye ba: yana tunanin kashe kansa? Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da babu shi a ransa, wannan an tabbatar. In ya ce e, kada ki yi ihu, kada ki yi wa'azi, kada ki ce ya tuna yara. Ki saurara. Kada a bar shi shi kaɗai daga wannan lokacin. Duk abin da zai iya cutar da kansa da shi a gida da shago ki kawar. Ki nemi mutum ɗaya da ya yarda da shi, ku kai shi asibiti a ranar, ɓangaren gaggawa, ba sai ya amince da sunan ciwon ba.

Gobe da yamma ake rufe taro, ni ce mai raba takardun shaida. Da an gama zan taso.

Yaya

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na yi niyyar in fara da zagin da kika ce, amma ba ni da ƙarfinsa.

Da na kashe miki waya na yini ina jin haushinki. Na ce ke kina can cikin sanyin otal, wata shida ba ki leƙo ba, sai da mutum ya miƙe za ki jefo mana wannan baƙar magana. Ta yaya mace za ta dubi mijinta, mai salla, ta tambaye shi wannan? Na ga kamar in na furta, ni na kira abin. Wasiƙarki ta zo ranar Juma'a, na sa ta ƙarƙashin katifa. Amma na kasa daina kallonsa. Na ga yadda yake kallon yaran suna cin abinci, kamar mai haddace su.

Jiya Asabar da hantsi na same shi a shago. Ban taɓa ganin wurin haka ba. Ba keke ko ɗaya, ya share, ya wanke tebur, har kalandar bango ya cire. Yana zaune a kan benci yana ninke tsumman goge mai. Ban san yadda ake yi ba, sai na yi yadda nake wa yaran ajina in sun ƙi faɗar inda ke musu ciwo: na durƙusa har idona ya zo daidai da nasa.

Na ce, "Baban 'yan biyu, tunanin kashe kanka kake yi?"

Bai daina ninkin ba. Ya ce, "Wa ya aiko ki?"

Na ce, "Ni na aiko kaina."

Ya ce, "Ba ki iya ƙarya ba. Wannan Hausar Yaya ce."

Na ce, "Ko ta wa ce, ni nake tambaya."

Ya gama ninke tsumman, ya ajiye shi a kan benci. Ina jin keken Dogo ta bango yana tafiya yana tsayawa. Sai ya ce, "E." Haka kawai, kamar na tambaye shi ko ya ci abinci. Na ce ya sa rana? Ya ce yana jira yara su gama jarrabawa, kada abin ya shafi sakamakonsu. Yaya, ranar Alhamis suke gamawa.

Ya ce, "Na yi ƙoƙari ban bar wa kowa wahala ba. Kowa na mayar masa da kayansa."

Na san kin ce kada in ambaci yara. Bakina ya riga ni. Na ce, "Mu fa? Sunan wa ka rubuta ka ɗaura mana?"

Na yi nadamar faɗa, don na ga inda ta same shi. Sai na zauna a ƙasa na riƙe ƙafar wandonsa. Ya yi magana mai tsawo, ba zan rubuta miki ba, tasa ce. Ban ce komai ba sai to, ina jinka. Da ya gama na buga bango na kira Dogo.

Dogo bai yi tambaya ba. Ya dubi shagon, ya dube mu, ya je ya rufe nasa ya tsayar da tasi. A mota ƙanenki ya ce masa, "Kai ma an saye ka?" Dogo ya ce, "Da sukudireba talatin, ai na yi tsada." Ba wanda ya yi dariya, amma bai nemi sauka ba.

Awa biyar muka yi a benci. Likitar da ta gan shi yarinya ce, ta gaji har tana rubutu tana hamma, amma ta tambaye shi abin da na tambaye shi ba ta ko sunkuyar da kai ba. Sun kwantar da shi, sun ce kwana biyar ko fiye. Dogo ne a wurinsa yanzu, ni na dawo in yi wa yara wanki in kwashe abin da kika ce in kwashe.

Inna ba ta yi mini magana tun jiya. Abin da ta faɗa na ƙarshe shi ne na kai ɗanta cikin mahaukata yana tsaka da samun sauƙi, na tona asirin gida. Ta zauna a ƙofar ɗakinsa da carbi, ta ƙi cin abinci. Ban gaya mata abin da ya ce ba. Ban san ko zan gaya mata ba.

Saƙonki na cewa motar Asabar ta cika na gani. Kada ki taso yanzu. Ya ce ko kin zo ba zai gan ki ba, kuma likitar ta ce kada a matsa masa.

Ki yi mana addu'a.

Maman 'yan biyu

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ya jiki? An ce mini mako biyu ke nan da sallamarka, kana shan magani, kuma maganin yana sa ka jiri da bushewar baki. An ce zai ragu.

An ce kada in zo, ban zo ba. A rayuwata ban taɓa bin umarni da sauri irin wannan ba, kuma na san dalili: tsoron ganinka nake ji. Tun ranar Alhamis ɗin taronmu da safe na gane halin da kake ciki, amma na tsaya har Juma'a da yamma ina miƙa wa mutane takardar shaidar cewa sun iya kula da wanda ke cikin damuwa, ana ɗaukarmu hoto. Na bar wa matarka tambayar da ni aka koya wa yin ta. Ta yi ta fiye da yadda zan yi.

Na san kana ganin na shiga abin da ba ruwana, na ɓata maka shirin da ka yi da tsabta. Haka ne, na ɓata. In ka sake wani zan sake ɓatawa, gara ka sani tun yanzu.

Ba na neman ka ce ka warke. In an tambaye ka ya jiki, ba dole ka ce da sauƙi ba, aƙalla ba ni ba. Na kira Inna na gaya mata gaskiyar abin da kaina, don ta sauke wa matarka fushin. Da na gama sai ta tambaye ni ko kana cin abinci.

Ba sai ka amsa wannan ba.

Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa.

Jiki ba sauƙi. Tunanin yana zuwa, ba kullum ba. In ya zo ina faɗa wa Maman 'yan biyu ko Dogo, haka muka yi da likita.

Kowa yana cewa in gode miki. Ban gode ba tukuna.

Ranar Laraba zan koma asibiti, kuma ba a yarda in je ni kaɗai ba. Hutun da makaranta ta ba Maman 'yan biyu ya ƙare, Dogo kuma ɗinki ya taru masa saboda ni. Layin yana da tsawo, sai an fita ƙarfe shida. Benci ne, babu sanyi, kuma ba na hira.

In za ki iya.

Auta